Kafin a yi wa saba fomatin: yadda nake bin sawun intanet idan ta ɗauke a ƙaramin shago

Kiran da na fi samu a wannan sana'a bai wuce magana ɗaya ba: "Malam, intanet ta ƙiya." Yau daga shagon buga takardu a Mabera, gobe daga ɗakin kwamfuta na wata makarantar kuɗi a Arkilla, jibi daga wani ɗan ofis a Gawon Nama. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne: modem guda mai layi a ciki, an jona shi da kwamfuta ɗaya da muke ce wa saba, ita kuma tana raba wa sauran kwamfutoci shida ko goma ta hanyar suwic, ɗan akwatin da wayoyinsu duka ke haɗuwa a cikinsa. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne yawan sabar da nake tararwa an yi mata fomatin, wato an goge komai an sake zuba Windows, babu gaira babu dalili. Takardun mutane sun salwanta, har da furojet ɗin ɗaliban ajin ƙarshe da suka bar ajiya, an biya kuɗin aiki, yini guda ya tafi, intanet kuma ba ta dawo ba, domin tun asali ciwon ba a nan yake ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Mahaifina lambu yake yi a fadamar Kwalkwalawa, kuma a wurinsa na ɗauko dabarar da nake ci da ita yau. Idan ya ga fangali ɗaya na albasa ya bushe alhali na kusa da shi yana shan ruwa, ba ya zuwa ya kwance inji. Bakin fangalin yake tsayawa ya duba mashigarsa. In kuwa lambun ne duka ya bushe, sai ya bi magudana da ƙafa har ya isa inji, daga inji ya leƙa gulbi. Intanet ɗin shago haka take. Kamfanin layi shi ne gulbi, modem shi ne inji, saba ita ce babbar magudana, suwic shi ne inda ruwa ke rarrabuwa, kowace kwamfuta kuma fangali ce. Shi ya sa tun a waya, kafin in tayar da mashin, nake tambaya biyu: kwamfuta ɗaya ce ta rasa ko duka? Ita sabar da kanta tana buɗe shafi?

In saba ma ba ta buɗe komai, kada ka taɓa suwic, kada ka taɓa sauran kwamfutoci, matsalar tana daga saba zuwa waje. In saba tana buɗewa amma duk sauran sun yi tsit, tana tsakanin saba da suwic. In ɗaya ce ko biyu, tsaya a kansu. Akwai tambaya ta uku: me aka canza jiya ko yau? Amsar farko kullum ita ce "ba komi", ba don mutum yana ƙarya ba, sai don bai ɗauki matsar da tebur ko sa sabon antibayiros a bakin canji ba. Nakan maimaita tambayar a hankali, ba da sigar tuhuma ba. Sai ƙa'ida ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe: ka canza abu ɗaya, ka gwada, in bai yi ba ka mayar da shi yadda ka same shi kafin ka taɓa na gaba.

Mu fara da sabar da ba ta samun komai. Duba data tukuna. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita gajerun lambobin kamfanonin layi, *323# ke nuna ragowar data, ko MTN ne ko Airtel ko Glo. Tunda layin yana cikin modem, ya fi sauƙi ka shiga shafin modem ɗin daga burauzar saba. Adireshinsa yana rubuce a ƙarƙashinsa, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A nan za ka ga ƙarfin sabis, ka ga ko layin ya haɗu, ka karanta saƙon da kamfani ya turo. Buɗewar wannan shafi ma shaida ce: hanyar da ke tsakanin saba da modem lafiya lau take. In ya ƙi buɗewa, zargi wayar da ke tsakaninsu ko shi modem ɗin.

Sai ka ɗora tafin hannu a kansa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, mutane kuma suna son ajiye modem a bakin taga saboda sabis, inda rana ke dukansa tun azahar. Na yi aiki da wani modem da ke lafiya ƙalau da safe, amma da an yi azahar sai ya riƙa kashe kansa yana kunnawa. Mai shagon har ya yi niyyar sayen sabo. Muka ɗaga shi daga dakalin taga, muka rataye shi a bango cikin inuwa inda iska ke ratsawa, shi ke nan. Ka kuma juya adafta ka karanta abin da ke jikinta, ka gwada da abin da aka rubuta a bayan na'urar. A shagon da ake kwashe kaya don shara, adaftar suwic mai bolt 5 ko 9 takan koma bakin modem mai neman 12. Fitila za ta kama, amma da aiki ya yi nauyi sai ya faɗi.

Wani lokaci kuma gulbin ne ya janye. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Ran nan wayata ba ta huta ba, kuma babu abin da wani mai gyara a Sakkwato zai iya yi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki wayar hannu mai layin kamfani ɗaya da na modem, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafi. In ita ma ta kasa, sai haƙuri, ko ka sa layin wani kamfani. Duk shagon da abincinsa ke kan intanet ya kamata ya ajiye layi na biyu.

To, a ce saba tana buɗe shafi. Yanzu ka je kan ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka rasa, ka danna madannin Windows tare da R, ka rubuta cmd. A baƙin allon da zai fito ka rubuta:

ipconfig /all

Rubutu zai zubo da yawa, amma layi huɗu nake karantawa. IPv4 Address shi ne lambar gidan wannan kwamfuta. Subnet Mask a irin shagunanmu kusan kullum 255.255.255.0 ne, ma'anarsa lambobi ukun farko su ne sunan unguwa, ta huɗu ce lambar gida. Dole kwamfutocin shago su haɗu a ukun farko, su bambanta a ta ƙarshe. Default Gateway ita ce ƙofar gari, kamar Ƙofar Kware ko Ƙofar Rini zamanin da Sakkwato ke cikin ganuwa, duk mai fita ta nan zai bi, kuma a tsarinmu adireshin saba ne ya kamata ya zauna a wurin. DNS Servers kuwa ɗan kamasho ne a tasha: kai sunan gari kawai ka sani, shi ke nuna maka motar. Kai ka rubuta google.com, shi ke mayar da sunan lamba.

Idan ka ga adireshin ya fara da 169.254, ka riga ka gano rabin matsalar. Kwamfutar ta nemi a ba ta adireshi, babu wanda ya amsa, sai Windows ta laƙaba mata wannan da kanta. Da shi ba za ta je ko'ina ba. A garin nan abin da ya fi jawo haka shi ne ɗaukewar wuta. An ɗauke, an tayar da janareta, yara sun kunna kwamfutocin kwastomomi nan take, ita kuwa saba ba ta gama tashi ba. Windows tana sake nema duk bayan minti biyar, amma ba sai ka jira ba:

ipconfig /release
ipconfig /renew

Ka koya wa yaran shago jerin kunnawa: modem da farko har fitilar sabis ta tsaya, sai suwic da saba, sannan sauran. In da hali, ka ɗora waɗannan ukun kaɗai a kan UPS ko inbata, don kada su riƙa mutuwa duk sanda aka sauya wuta.

In adireshin daidai yake, sai bin magudana, kuma ping ne ƙafarka, wato umarnin da ke aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi ya jira amsa. Ka fara da saba. A ce adireshinta 192.168.137.1 ne:

ping 192.168.137.1

In ka ga "Reply from" tare da lokacin da amsar ta ɗauka, waya da suwic da katin netwok na saba, inda wayar ke shiga, duk suna aiki. Ka lura, "Destination host unreachable" ba amsa ba ce ko da layin ya fara da "Reply from", yana nufin ba a samu gidan ba. Mataki na biyu, ka yi ping zuwa adireshin modem. Na uku, ping 8.8.8.8, wadda lambar DNS ce ta Google. Na huɗu, ping google.com. Inda amsa ta tsaya, nan ruwa ya tsaya. Ta kai saba ba ta wuce ba, rabon ne ya lalace a cikin saba. Ta kai modem ba ta kai 8.8.8.8 ba, koma kan layi. Ta kai 8.8.8.8 amma sunan ya ƙi, DNS ne, kuma wannan ya fi kowanne rikita mutane, domin za su ce maka wata manhaja tana aiki amma burauza ta ƙi. Magani shi ne ka shiga saitin katin ka rubuta 8.8.8.8 a gurbin DNS na farko, 1.1.1.1 ta Cloudflare a na biyu, sannan ka ba da umarnin ipconfig /flushdns. Abu ɗaya da za ka kiyaye: katangar tsaro ta Windows ko ta antibayiros tana iya hana kwamfuta amsa ping alhali tana nan lafiya. In kana shakka, bayan ping ɗin ka rubuta arp -a. Idan adireshin ya bayyana a jerin, an ga juna, amsa ce kawai aka hana.

Idan kwamfuta ɗaya ce ta rasa, durƙusa ka leƙa bayanta. Inda wayar ta shiga akwai 'yar fitila, akwai takwararta a suwic. Ba su kama ba, babu amfanin taɓa wani saiti. Ɗauko wayar kwamfutar da ke aiki ka sa mata. Ta tashi, waya ce. Ba ta tashi ba, sauya rami a suwic, domin rami ɗaya yakan mutu shi kaɗai, musamman bayan tsawar damina. Wayoyin da nake cirowa a garin nan labarinsu ɗaya ne: an bi da ita ta kan kwano rana ta soya ta har fatarta tana farfashewa, ko ɓera ya ci ta cikin silin, ko ɗan harshen roba na kanta ya karye tana zamewa duk sanda aka ja tebur. Da hunturu kuma ƙura kan cika ramin, sai ka hure shi ka goge. Tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100. In za ka saya, karce bakin sili ɗaya na cikin wayar da wuƙa. Ja ne har ciki, tagulla ce. In fari ya fito, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, mai arha, mai saurin karyewa a wurin matsi.

Mai matse kan waya da kansa ya riƙe jerin launi, kuma ya zama iri ɗaya a bakin biyu: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, na 1 da 2 da 3 da 6, gigabit kuma yana buƙatar duka takwas. Shi ya sa waya mai rauni takan yi aiki amma a hankali.

Akwai wata ƙaramar cuta da ake kai wa fomatin a banza. Ping yana tafiya, amma kowane shafi sai ya ce haɗin ba shi da aminci. Dubi agogon da ke kusurwar allo. In ya koma shekarun baya, ɗan batirin da ke kan madabod, babban allon cikin kwamfuta, ne ya mutu, CR2032, mai kama da kwabo. Shafuka masu tsaro suna gwada kwanan watan takardar shaidarsu da agogon kwamfutarka, in ba su dace ba sai su ƙi. Gyara kwanan wata, sauya batir.

Yanzu ga inda na fi daɗewa, wato saba tana da intanet, sauran duka babu. Yawancin shagunanmu rabon da ke cikin Windows suke amfani da shi, wanda ake kira ICS. Tun Windows 98 bugu na biyu, a 1999, yake nan. Saba tana da kati biyu, ɗaya yana kallon modem, ɗaya yana kallon suwic. Ita ke ba sauran adireshi, ita ke fita a madadinsu, ta karɓo amsa ta miƙa wa mai ita. Rubuta ncpa.cpl a akwatin nan na Windows da R, za ka ga katunan. Abu na farko da nake yi a kowace saba shi ne in sauya musu suna, ɗaya WAJE, ɗaya CIKI, domin kuskuren da na fi gani shi ne kunna rabo a kan katin da ba shi ba. A kan WAJE ake kunnawa, wato mai intanet: danna dama, Properties, Sharing, ka sa alama a akwatin farko, in an ba ka zaɓi ka nuna CIKI a matsayin wanda za a ba. Da ka yi haka Windows za ta ba CIKI adireshin 192.168.137.1 da kanta. Haka yake tun daga Windows 7. A zamanin XP 192.168.0.1 ne, wanda ke karo da adireshin modem da yawa. Darasin yana nan har yau: WAJE da CIKI ba sa zama unguwa ɗaya. In duka biyun suna 192.168.0 ko 192.168.1, saba ba za ta san ta wace ƙofa za ta aika saƙo ba. Kuma katin CIKI ba a rubuta masa Default Gateway, a bar gurbin fayau.

In modem ɗinka na USB ne, ka yi wa raminsa alama da fenti ko salatif. Cire shi a sa a wani rami yakan sa Windows ta ɗauke shi sabon kati, rabon kuma yana can maƙale da tsohon da ya ɓace.

Sai matsalar da ta wahalar da mu a Windows 10, wadda Microsoft da kanta ta yi bayaninta a kan bugun 1709 na 2017: ana kashe saba a kunna, alamar rabo tana nan a akwatinta, amma rabon ba ya aiki. Maganin gaggawa, cire alamar, danna OK, ka koma ka mayar. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ba rayuwa ba ce. Magani mai ɗorewa yana cikin regedit, manhajar da ke buɗe rumbun saitin Windows. Ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\SharedAccess, ka ƙirƙiri sabon DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection, ka ba shi 1. Daga nan ka buɗe services.msc, ka nemo Internet Connection Sharing, ka mayar da tashinsa Automatic, ka kashe saba ka kunna. In hannunka bai saba da regedit ba, kira wanda ya saba, kuma kada a taɓa komai ban da wannan layi. Tunda kana nan, hana saba yin barci a saitin wuta, ka kuma shiga Device Manager ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin netwok don tattalin wuta. Saba mai barci, shago duka ya yi barci.

Antibayiros mai tasa katangar tsaro shi ma yakan toshe rabo bayan ya sabunta kansa. Kashe katangar na minti biyu ka gwada. In ita ce, ka nuna mata cewa unguwar 192.168.137 ta gida ce, ka mayar da ita. Kada ka bar ta a kashe don ka ga aiki ya tashi.

Wata rana aka kira ni wani shago a Runjin Sambo. Kwamfuta tara, huɗu suna aiki, biyar babu, kuma washegari sai waɗanda suka rasa su sauya. Na yi ipconfig /all a kan mai aiki, na ga 192.168.137.24. Na yi a kan maƙwabciyarta, na ga 192.168.0.103, layin DHCP Server, wato mai rabon adireshi, kuma yana nuna 192.168.0.1. Wato akwai masu rabon adireshi biyu a shagon, wanda ya riga amsawa shi ke kama kwamfuta.

"Alhaji, an kawo wani sabon abu shagon nan cikin satin nan?"

"Wallahi Malam ba mu taɓa komi ba."

Ƙaramin ɗansa da ke bakin fotokwafi ya ɗago kai. "Baba, sai dai rautad da Yaya yak kawo shekaranjiya, don wayoyi su samu Wi-Fi."

Tana can bayan firinta, an rufe ta da katon ɗin takarda. Alhaji ya ɗaga ta yana jujjuyawa. "Wanga ɗan abu shi at tsai da mu kwana ukku?"

Niyyar yaron mai kyau ce, kuma ban cire rautar ba. Na jona ta da laftof ita kaɗai, na shiga shafinta, na kashe DHCP, na mayar da wayar suwic cikin ɗaya daga ramukanta na LAN, na bar ramin WAN babu komai. Ta koma mai watsa Wi-Fi kawai, rabon adireshi ya koma hannun saba ita ɗaya. Na nuna wa yayan yadda aka yi, don gobe ya iya da kansa.

Wasu shagunan, musamman tsofaffin kafe, ba ICS suke yi ba, furokzi ne, wato manhajar da ke ɗauko shafuka a madadin sauran kwamfutoci, irin CCProxy a Windows ko Squid a Linux. A nan dokar ta bambanta, kuma in ba ka sani ba za ka ɓata yini. Ping 8.8.8.8 daga kwamfutar kwastoma ba zai amsa ba ko da komai lafiya, domin furokzi saƙon burauza yake wucewa da shi, ba ping ba. Abin dubawa shi ne adireshin saba da lambar ƙofa (Port) a saitin furokzi na kowace kwamfuta. CCProxy da 808 yake zuwa, Squid da 3128. Chrome da Edge saitin Windows suke bi, Firefox yana da nasa. Ka tabbata manhajar tana tashi da kanta bayan an kunna saba, kuma ma'ajiyarta (hard disk) ba ta cika ba. Akasin haka ma yana faruwa: laftof ɗin da aka saita wa furokzi a ofis ko makaranta, an kawo shi shagon da babu furokzi, ya ƙi buɗe komai har sai an cire saitin.

Saura intanet da ba ta mutu ba amma tana jan ƙafa. Kalli suwic. In duk fitilunsa suna ƙyaftawa tare da sauri ba ƙaƙƙautawa, kuma hatta firinta ta netwok ta daina amsawa, nemi wayar da bakinta biyu duk suna cikin suwic. Mai shara ya ga kan waya a ƙasa, ya ga rami a buɗe, ya taimaka ya soka. Saƙo sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa har ya cika hanya. Zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ka zare fitilu suka natsu, ita ce. In ba haka ba ne, rubuta resmon a kan kwamfutocin ka duba sashen Network, ka ga mai shan ruwan. Sau da yawa sabuntawar Windows ce. Kwamfutar da ke kan waya ba ta san datar saye kake yi da awo ba, sai ka shiga saitin katinta ka kunna Metered connection. Ban yarda da kashe sabuntawa ɗungurungum ba, ka ware mata dare ɗaya ko ranar da babu kwastomomi. Ita saba musamman, tunda ita ke bakin ƙofa, bai dace ta zauna a kan abin da aka daina yi wa gyaran tsaro ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025, amma har yau ina tarar da saba a kan 7.

Akwai kuma wadda wasu shafuka ke buɗewa, wasu su tsaya rabi, ko loda takarda ya maƙale. Wani lokaci girman ƙunshin saƙo ne ya fi ƙarfin hanya. Gwada ping -f -l 1472 8.8.8.8. In ya ce sai an gutsura ƙunshin, yi ta rage lambar har ta wuce, ka ƙara 28 a kai, abin da ya fito shi ne MTU, wato iyakar girman ƙunshi, da za ka saita wa katunan a maimakon 1500. Ba kullum ake haɗuwa da wannan ba, kada ka fara da shi.

Masu saba a kan Linux, abu biyu ne ke yawan zubewa bayan an kashe an kunna. Fayil ɗin /proc/sys/net/ipv4/ip_forward dole ya nuna 1, sannan dokar MASQUERADE ta iptables, wadda ke sa saba fita a madadin sauran, ba ta zama sai an adana ta.

Ra'ayina, shagon da ya haura kwamfuta goma ya daina ɗora rabo a kan kwamfutar da ake buga takardu da ita. Ƙaramar rauta ta MikroTik, ko ma modem mai ramin LAN da aka jona kai tsaye da suwic, ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir yana riƙe ta, kuma babu yaron da zai sa mata filas mai bayiros. Sabar sai ta koma ajiyar takardu da kula da firinta. Wanda bai da halin haka yanzu, tsarinsa zai ci gaba da yi masa aiki in ya bi abubuwan da na lissafa.

Duk shagon da na gama gyarawa, nakan manna takarda a gefen saba da salatif. A jikinta akwai adireshin modem, adireshin WAJE da na CIKI, lambar layin da ke cikin modem, ranar da data ke ƙarewa, da jerin kunnawa bayan an kawo wuta. Kowace waya kuma ina naɗa mata lamba a baki biyu, 1 a bayan kwamfuta ta ɗaya, 1 a suwic. Kalmar sirri ba ta hawa wannan takarda, tana littafin mai shago. Idan aka sake kirana, hoto uku nake cewa a turo mini ta WhatsApp kafin in taso: fitilun modem, fitilun suwic, da allon ipconfig /all na kwamfutar da ta ƙi.